Gawar da Ta Juya wa Kyamara Baya

A 1987 ina da shagon hayar kaset ɗin bidiyo a babban titin Deptford da ke Landan, tsakanin mai kifi da mai yadi. Wata Talata da hantsi ina jera sababbin kaya, tsofaffin finafinan ban tsoro na Italiya, sai Malam Gariba ya shigo. Shi ke wankan gawa a masallacinmu shekara ashirin, ni kuma nake zuba masa ruwa. Dattijo ne da ko talabijin ba ya kallo, shayi kawai yake zuwa sha.

Ya ɗauki wani kwali mai hoton tsohon gida da jemagu, ya ƙura masa ido, sai ya zauna a kan akwatin lemo.

"Sumani, rufe ƙofa."

Ni fa ba na son a ce in rufe shago da rana, amma da na ga fuskarsa ban yi musu ba.

"Ina cikin fim ɗin nan," in ji shi.

Dariya ta kusa ƙwace mini. Shi bai yi ba. Ya ce a 1960 jirgin ruwan da yake wa aiki ya tafi ya bar shi a Italiya, ya samu shara a wani gidan shirya fim kusa da Roma. Wata rana suna shirya ɗakin kaburbura, ya ga sun nannaɗe mutum-mutumi da farin yadi kamar ƙullin wanki. Shi kuwa ɗan mai wankan gawa ne a zongon Kumasi, zuciyarsa ta ƙi. Ya ajiye tsintsiya ya gyara. Daraktan ya gani, ya ce mutum-mutumin bai yi kama da gawa ba, shi Gariba ya shiga ciki.

"Yunwa nake ji, Sumani. Na shiga likkafani don wasa. Kuma akwai inda suka buɗe mini fuska."

Nan na gane abin da ke damunsa. In jama'a suka ga mai wankansu ya taɓa wasa da likkafani a fim ɗin Turawa, wa zai ƙara ba shi uwarsa ko ubansa? Wallahi na san bakin mutanenmu, kafin la'asar labari ya kai har unguwar Croydon mai nisa. Ga shi Nashiru, ƙanen liman, ya riga ya ce in ajiye masa kaset ɗin zuwa Juma'a.

Na ce in ɓoye shi. Ya ce shaguna nawa ne a Landan? Gara ya gani da idonsa.

Na saka. Fim ne baƙi da fari, iska sai kaɗa labule take, wata mata mai manyan idanu tana yawo da kyandir tana neman abin da bai ɓata ba. Minti arba'in muna wannan shirme, Malam na jan carbi har ina jin ƙarar 'ya'yan. Ni kaina na damu, don ina son tsohon nan.

Matar ta sauka ɗakin kaburbura. Gawarwaki biyar a jere kan duwatsu, huɗu a rigingine. Ta biyar tana kwance a ɓarin dama, ta ba kyamara baya, ɗauri uku tsaf: kai, tsakiya, ƙafa. Matar ta kai hannu ta yaye yadin, ta ƙwalla ƙara, sai aka nuna fuskarta ita. Ko kunnensa bai fito ba. Muka jira har sunaye suka gama hawa, babu Gariba.

Ya sauke numfashi, ya ce alhamdu lillahi ta fi sau goma. Na ga hawaye a gemunsa, na yi kamar ina neman rimot.

"Malam, me ya sa kai kaɗai ka juya?"

"Alƙibla ce can. Da inda rana ke fitowa na auna ta daga bakin ƙofa. Kwana biyu daraktan yana zagina da Italiyanci in kwanta a rigingine. Sau ɗaya na yarda, ashe ma bai yi amfani da wannan ɗaukar ba. Ko wasa ne, jikina bai iya wata kwanciya cikin likkafani ba."

Ya sa na mayar da kaset baya, na tsayar a kan ƙafafun.

"Dubi wannan ɗaurin. Sako-sako, yadda za a warware shi da hannu ɗaya a kabari. Kai kullum sai ka matse kamar buhun gari."

Na ji haushi, don ban ga abin gori ba bayan na rufe shago dominsa. Na ce to, na ji.

Ran Litinin Nashiru ya dawo da kaset yana tsaki, wai a ba shi na karate, wannan har gawar ba ta iya kwanciya ba.

Malam Gariba ya ƙara shekara shida yana wa mutane sutura, ba wanda ya taɓa jin komai. Da nasa ya zo, a 1993, ni na yi masa wanka, Nashiru na zuba mini ruwa. Na zo ɗaurin ƙafa na matse, sai na tsaya, na warware na sake.