Yatsan Magini

Wayar ta sake girgiza a tafin Magini, ta ƙi buɗewa. Ya goge babban yatsansa a gefen riga, ya sake dannawa. Shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa.

Tun da aka daina karɓar tsabar kuɗi a tagar magani ta asibitin, 'yarsa ta zaunar da shi ta koya masa biya da waya: ka ɗora yatsa, ka nuna wa na'ura, shi ke nan. A gida kam ya iya. Sai dai makon nan a aikin shafe ya ƙare, siminti ya cinye zanen yatsan tas, ya bar shi sumul kamar bayan cokali. Ga matarsa can kan benci tana jiran allurar da likita ya ce kada ta wuce yau, ga ma'aikaciyar tagar ta fara tattara komatsanta.

"Baba, kira wani cikin yaranka ya turo mana," in ji ta. "Saura kaɗan mu rufe."

"Da raina da lafiyata? Tun da na auro ta, ko ƙwaya ɗaya ba wanda ya taɓa saya mata sai ni."

"To matsa gefe mana, tsoho," wani ya ce daga bayan layi. "Abin na 'yan zamani ne."

Maganar ta ƙona masa rai. Mutumin da ya tada benaye da hannunsa, wai yau ɗan gilashi zai kunyata shi! Ya gwada manuniya, ta ƙi. Na tsakiya ma haka. Can sai ya tuna ranar koyon, 'yar tana dariya ta kamo ƙaramin yatsansa na hagu ta ɗora shi ma don wayar ta san shi, wai saboda ɓacin rana. Ya lallaɓa shi a kan gilashin, wayar ta buɗe. Ya nuna wa na'urar yadda aka koya masa, ta yi 'yar ƙara, rasit ya fito.

Ko waiwayar mai maganar bai yi ba. Ya karɓi ledar, ya taka zuwa benci yana ji da kansa, daɗi fal ransa.

"Malam, wa ya taimake ka?" matar ta tambaya.

Ya ɗaga mata ƙaramin yatsan.

"Wannan malalacin. Tun ina saurayi nake ciyar da shi, bai taɓa ɗaukar bulo ba. Ashe ranarki yake jira."