Wa Ke Kallo da Data a Kunne?

Ranar Juma'a da la'asar na danna koren maɓalli, na miƙe daga kujera ina jin kamar ni na gina Abuja. Aikina a kamfaninmu gwaji ne. Injiniyoyi su ƙera manhajar kallon finafinai, ni kuma in zauna in yi ta laluben inda za ta lalace kafin ta kai hannun jama'a. Sunan manhajar Leƙa, kuma ranar Litinin da safe za a sake ta. Ƙa'idar ita ce sai mai gwaji ya danna kore sannan a saki; idan ya danna ja, komai ya tsaya cak. Wannan ne karon farko da aka bar maɓallin a hannuna.

Gwaji ɗari biyu da goma sha huɗu na yi. Na duba ko murya na tafiya daidai da bakin mai magana. Na duba rubutun fassara ko yana fita daga gefen waya. Na sa aka yi ta kirana ina tsakar kallo, na juya waya a kwance da a tsaye har wuyan hannuna ya gaji. Akwai wata na'ura a ofis da ke shaƙe intanet ta mai da shi kamar na ƙauye, da ita ma na gwada. Leƙa ta tsallake duka, ko tuntuɓe ba ta yi ba.

Wata uku ke nan ina aiki a matsayin 'yar gwaji ni ma, ba a tabbatar da ni ba. Shugabar sashenmu, Madam Bose, Bayarabiya ce da ta girma a Kaduna, tana jin Hausa sarai, amma da zarar ranta ya ɓaci sai Pidgin ta ƙwace mata baki. Tun ranar Laraba ta gaya min gaskiya. "Hannatu, in abin nan ya fita lafiya, kin zauna ke nan. In kuma ya fita da wahala..." Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban nemi ta ƙarasa ba.

A motar komawa gida Suleja bakina har kunne. Ko wucewar dutsen Zuma ban gani ba, ina can ina tsara yadda zan ba 'yan unguwarmu labari.

Da hantsin Asabar na ci kwalliya na nufi rumfar Anti Uwani. Maƙwabciyarmu ce a unguwar Bagama, mai kitso, kuma ita ta yi min kitso tun ina zuwa makarantar Lahadi da ƙaton takalmi. Rumfarta a ƙofar gida take, tabarma biyu da benci ɗaya, kuma babu fim ɗin da ya fito da ba a yanke masa hukunci a wurin ba. Na tarar tana kan wata amarya mai suna Jannat, wasu mata biyu na jiran layi.

"A'a, 'yar Abuja! Yau an tuna da talakawa?"

"Anti, kawo wayarki. Yau za ki ga abin da ko matar minista ba ta gani ba."

Na saka mata Leƙa irin ta gwaji a wayarta mai fasasshen gilashi. Kaina ya kumbura ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Na nuna musu hotunan finafinai jere reras, matan suka matso suna "kai, kai". Anti Uwani ta zaɓi wani fim, ta danna shi da ƙaramin yatsa domin sauran duk man kitso ne. Fim ya fara, sai ta tsayar da shi, ta ajiye wayar a kan tabarma ta koma kan Jannat.

"Anti, ai ya fara."

"Bari ya sha tukuna."

Ta yi layin kitso biyu tana satar kallon farin zaren nan da ke ƙasan hoto yana tsawo. Da ya yi nisa ta goge hannu a zane, ta ja saman wayar ƙasa, ta kashe data, ta jingina wayar da gwangwanin mai. Mata suka gyara zama.

Fim ya ɓace. Fuskar wayar ta yi fari fat, ga wani ɗan hoton eriya da rubutu a ƙasansa: Babu intanet.

Anti Uwani ta kunna data ta koma. Farin zaren ya koma farko, duk abin da wayar ta ɗebo ya zube. Ta yi tsaki mai tsawo.

"Hannatu, wannan abin naku maƙaryaci ne. Ya sha ya ƙoshi, ya ce bai sha ba."

"To Anti, don me kika kashe?"

Su huɗu suka juyo suka dube ni, har da Jannat da kanta ke ƙarƙashin hannun mai kitso.

"Ji wata magana," in ji Anti Uwani. "Wa ke kallo da data a kunne? Ki bar ta a buɗe, sauran abubuwan cikin waya su yi ta zuƙa ta bayan fage? Ke a gidanku ba haka kike yi ba?"

Haka nake yi. Wallahi haka nake yi, haka Mama ke yi, haka duk wanda na sani a garin nan yake yi. Ka bari bidiyo ya cika, ka kashe, ka kalla hankali kwance. Sai wani abu ya taso min daga ciki wanda sai mai irin aikina zai gane: murna. Na kama ɓarawo da hannuna. Nan take na gane inda gizo ke saƙa. Na'urar ofis tana rage ƙarfin intanet ne kawai, wayar na ganin har yanzu a haɗe take, don haka Leƙa takan yi haƙuri ta jira. Amma idan mutum ya kashe data da yatsansa, wayar da kanta ke sanar da manhaja cewa an rufe hanya, ita kuma sarauniya sai ta naɗe tabarmarta ta watsar da fim ɗin gaba ɗaya.

"Jannat, ara min wayarki!"

Na saka, ta gwada, fari fat. Matan biyu ma haka. Na fita titi da gudu ɗankwalina a hannu, na tsayar da Nura mai keke Napep, ban gaya masa komai ba, na ce kawai ya kalli fim. Ya danna, ya jira, ya kashe data, ya ce, "Anti, ya mutu fa." Na tsallaka wurin Baba Istifanus, tsohon malamin firamare da ke karatun jarida a ƙofar gidansa. Shi har da cire tabarau ya yi min bayanin amfanin tattali kafin ya kashe tasa. Waya tara na gwada ina ɗaukar bidiyon kowace, tara ɗin duka suka faɗi. Ina dariya ni kaɗai a bakin titi kamar wadda ta ci gasa.

Sai da na dawo rumfa na zauna a benci sannan gabana ya faɗi. Ni fa na danna kore. Sunana ne a kan takardar da ta ce babu matsala. An riga an ba da talla a rediyo, an buga riguna, an gayyaci baƙi ranar Litinin. In na yi shiru, ƙila sai bayan sati biyu ƙorafi zai taru, lokacin an riga an tabbatar da ni, laifin kuma ya rarrabu a kan kowa. In na buɗe baki yau, laifin nawa ne ni kaɗai. Na ji tsoro sosai, kuma na yi tunanin yin shirun, har na mai da waya cikin jaka.

Anti Uwani ba ta san abin da ke raina ba. Tana raba gashin Jannat da tsinke ta ce, "Ni da har na gaya wa matan Islamiyyarmu cewa 'yarmu ce ke duba abin kafin ya fito."

Na ciro wayar na kira Madam Bose.

Kiɗa ne ke tashi a bayanta, tana wurin biki a Zuba. Na yi mata bayani. Sai Hausar ta gudu.

"Wetin you dey talk? Who dey off data for middle of film?"

"Kowa, Madam. Duk Suleja."

"Hannatu, kin san abin da kike cewa? Jiya fa kika sa hannu."

"Na sani. Kuskure na yi. Don Allah ki zo ki gani, minti ashirin ne daga inda kike."

Ta kashe waya ba ta ce za ta zo ba. Minti arba'in na yi ina leƙen titi, Anti Uwani na yi min tsiya wai ko saurayi nake jira. Sai ga motarta ta shigo layinmu tana kauce wa kwata. Ta fito da leshi ruwan zinare da ɗaurin kai mai tsayin da sai da ta sunkuya kafin ta shiga rumfa. Anti Uwani ta share mata benci, aka gaisa, aka kawo ruwa. Madam ba ta ko dube ni ba.

Na roƙe ta kada ta ce komai. Wata mata ta shigo da goyo za ta tambayi layi, ba ta san abin da ake ciki ba. Na karɓi wayarta na saka Leƙa, na ce ta kalli abin da ta ga dama. Ta danna, ta tsayar, ta jijjiga ɗanta tana jira, ta ja saman waya ta kashe data. Fari fat.

"Haba, ya zube," in ji matar. "Irin wannan ai cire shi nake yi nan take."

Madam ta karɓi wayar ta juya ta. Ta sa aka maimaita da ta Jannat. Ta kalli bidiyoyina tara ɗaya bayan ɗaya, har na Baba Istifanus da jawabinsa. Sannan ta ɗago ta dube ni, kuma wannan karon da Hausa tsantsa ta yi magana, abin da ya fi ba ni tsoro.

"Ke ma haka kike yi a gida?"

"E, Madam."

"To don me bai shiga cikin gwajinki ba?"

Na so in ce mantuwa ce. Amma a gaban matar da ta san ƙeyata tun ina shekara biyar, ƙarya ba ta fito ba.

"A ofis ban taɓa ganin wanda ya kashe data ba. Kowa da babbar waya, intanet kamar ruwan famfo. Satina na farko na kashe tawa a gaban mutane, wani ya yi dariya ya ce Suleja ta motsa. Tun ranar na daina riƙe waya irin ta gida in ina can. Kunya na ji, Madam. Na yi gwajin ne kamar 'yar masu kuɗin Maitama."

Tsinken Anti Uwani ya tsaya. Madam ta buɗe jakarta ta ciro babbar wayar aiki, ta shiga shafin da maɓallan suke, ta miƙo min.

"Ke kika danna kore. Ba ni zan goge miki ba."

Na danna ja. Ko minti ɗaya ba a yi ba wayata ta hau ruri. Uju ce, shugabar injiniyoyi, tana tambaya ko na haukace. Madam ta karɓi wayar ta ce mata a soke Litinin, za ta yi wa manya bayani da kanta, kuma gobe bayan coci kowa ya hallara. Ta kashe. Ni dai na tsaya ina jiran a ce in kawo katin shaidar aiki.

Madam ta juya wajen Anti Uwani. "Hajiya, ban da kashe data, me kuma kuke yi da waya a nan?"

Kamar an fasa tulu. Anti Uwani ta ce ita ba ta kallo sai ta rage hasken waya har ƙasa don caji ya kai yamma. Jannat ta ce ita sim biyu take sauyawa a tsakiyar fim, duk wanda ya fi ja a lokacin. Mai goyo ta ce wayarsu ɗaya su biyar a gida, kowa da inda ya tsaya a fim ɗinsa, kada wani ya ɓata wa wani. Wata ta ce wayarta kullum a cike take, sai ta goge hoton biki kafin ta saka sabon abu. Nura, da ya leƙo jin gulma, ya ce shi a aljihu yake sa waya ya bi fim da kunne yana tuƙi.

"Rubuta," Madam ta ce da ni.

Na ari biro wurin Jannat, na juya bayan katin gayyatar bikin da Madam ta baro na hau rubutu. Suna faɗa ina rubutawa, ina ƙara nawa da na daɗe ina ɓoyewa, kowanne ina ganin yadda zan gwada shi. Tsoron ya tafi, zumuɗi ya dawo har ina katse mutane. Kafin kiran sallar la'asar katin ya cika gaba da baya, na ƙirga talatin da ɗaya.

Madam ta karɓa ta karanta a hankali. Ta tambaye ni tsawon lokacin da zai ɗauka a gwada su duka a kan kowace irin waya, a kuma riƙa maimaitawa duk sanda aka sabunta manhaja. Na ce gaskiya abin ba mai ƙarewa ba ne, ko shekara ba za ta isa ba.

"To ina kike tunanin za ki je?" Ta miƙo min katin ta ɗauki jakarta. "Ranar Litinin ki biya ofishin ma'aikata ki karɓi takardar tabbatar da ke a aiki. Talata da Alhamis kuma kada in ga ƙafarki a Abuja. Nan ne ofishinki."

Na buɗe baki in yi godiya, kuka ya riga ni. Anti Uwani ta jawo ni ta zaunar a gabanta kan tabarma, ta zare min ɗankwali, ta fara tsefe min kai ina ta sheshsheƙa.