Hoto Ɗaya a Kabarin Mai Shanu

Raini cuta ce, kuma ba ta kama mutum sai ya ɗan san wani abu. Ita ta kama Refeno, telan nan na Toliara, tun da ya sayi tsohuwar kyamara ya shiga yawon ɗaukar hotunan manyan kaburbura. Ƙungiyarsu ta masu sha'awar hoto kan yi baje koli duk shekara, shi kuwa sau uku ana mayar masa da nasa. A wannan karon ya rantse sai hotonsa ya hau bango. Fim ɗaya ya rage masa, mai ɗauka talatin da shida.

Rana tsaka shi da taubashinsa Mahatoky suka sauka daga mota a kudu da Betioky. Ga kabarin nan, faɗinsa ya kai gida, bango fari fat, an zane shi da shanu. A sama ƙahonni sun fi sittin, da dogayen sanduna na sassaƙa.

Wata tsohuwa tana gindin tsamiya tana fere rogo. Soazara ke nan, matar mai kabarin.

"Sannunku, jikokina," in ji ta. "Ku zauna ku sha nono. Maigidana ba ya karɓar baƙi da tsakar rana. In inuwa ta miƙe, sai in yi muku iso."

"Kaka, mota za ta dawo ƙarfe biyu," in ji Refeno. "Wannan aikin ilimi ne, ba na iso ba."

"Ji mai ilimi!" in ji Mahatoky. "Wanda ya ɗinka mini wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya!"

Refeno bai kula ba. Ya auna haske a jikin bango, ya durƙusa, ya miƙe, ƙyas, ƙyas, sai ka ce harsashi a hannun mahaukaci. Da ya ga Mahatoky ya shigo masa hoto, sai ya daka tsawa: "Matsa can, kai da hular nan taka kamar kwandon kaji! Waccan sandar nake so a gefe!" Ya miƙe ɗan ali tsaye, ya nuna kabarin.

Wuƙa ta faɗi daga hannun tsohuwa. Ko yaron goye ya san ba a nuna kabari sai an lanƙwashe yatsa. Refeno ma ya sani, zaman birni ne ya miƙar masa da hannu.

Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho. Dattawa suka taru, suka ce sai jini ya zuba. Refeno ya cire agogonsa ya musanya da bunsuru. Ana cikin fiɗa mota ta zo ta wuce, yana kallon ƙurarta.

"Ka ga amfanin ilimi," in ji Mahatoky, bakinsa cike da hanta. "Ba don kai ba da rogo za mu wuni."

Refeno ya duba kyamara, ɗauka ɗaya ta rage. Ya je ya tsuguna gaban tsohuwa.

"Kaka, na yi kuskure. Yaushe maigida yake ganin baƙi?"

"Yanzu ka yi magana. Zauna."

Ya zauna har rana ta sunkuya. Sannan tsohuwa ta kama hannunsa, ta gaida mijinta, ta faɗa masa sunan baƙon, ta ja shi ta kusurwar kudu.

"Nan nake tsayawa shekara tara. Duba."

Ya duba. Hasken ya bi bangon ta gefe, ya yi taushi. Kowane ƙaho ya fito da inuwarsa, kowace sanda ta nuna abin da aka sassaƙa a kanta, har bijimin da ke bisa ta ƙarshe kamar zai yi kuka. Ya auna haske a jikin icen, ba a bango ba, ya ƙara buɗe idon kyamara kaɗan. Ya bar sama ta ci kashi ɗaya cikin uku. Tsohuwa ta matsa ta dafa bango, bai ce ta kauce ba. Ya riƙe numfashi, ya danna.

Da aka wanke fim a Toliara, sai ga na tsakar rana duk sun lalace. Farin bango ya ruɗi ma'aunin haske, sanduna suka fito baƙi ƙirin kamar gawayi. Na ƙarshe kaɗai ya tsira, kuma shi alƙalai suka rataye a tsakiyar zaure. Refeno ya wanke wani ya ba direba ya kai wa Soazara.

Mai haƙuri shi ke dafa dutse. Abin da raini ya ci wa Refeno kuwa ga shi: hoto talatin da biyar, agogon hannu ɗaya, motar komawa, da kwana biyu shagonsa yana rufe.