Ba a Zuba wa Mai Zuwa Aski Ruwa

Duk uwar da ta yi raino a birnin Plovdiv ta san muryar Likita Tsvetan. Likitan ƙwaƙwalwa ne, amma rediyo ce ta fito da shi. Karatunsa ɗaya ne, ya yi ta nanata shi har ya yi furfura: kada a yaudari yaro, ko da gaskiyar za ta sa shi kuka.

Yanzu tsufa ya fara cin tunaninsa, har yakan bar tukunya a wuta ya fita yawo da silifas cikin ƙanƙara. 'Yarsa Nevena ta samo masa gurbi a gidan kula da tsofaffi, amma bakinta ya yi nauyi. Tsoro take ji kada ya ɗauka ta gaji da shi ne ta yar. Sai ta ɓoye jakarsa a mota, ta ce aski za su je.

Suna fitowa, maƙwabciyarsu Gwaggo Stoyka, sarauniyar shisshigi, ta tare su da moɗa, ta sheƙa ruwa a gabansa, kamar yadda ake yi wa mai muhimmiyar tafiya a al'adarsu.

"Allah ya sa tafiya ta gudana kamar ruwa, Likita!"

Tsohon ya tsaya yana kallon ruwan yana bin matakala.

"Stoyka," ya ce, "ni amarya ce, ko ɗan makaranta a ranar farko? Tun yaushe ake zuba wa mai zuwa aski ruwa?"

Gwaggo ta dafe baki. "Wayyo, na yi ɓaranɓarama!"

Ya juyo. "Nevena, ina za mu?"

Ta faɗa masa duka: gidan, ɗakin, da tagar da ke kallon lambu.

"Baba, wallahi ba gajiya na yi ba."

Sai ya miƙo mata hannu.

"Riƙe ni, kada santsin wannan matar ya kwashe ni."

Da ƙafarsa ya taka ruwan. Sai da suka zauna a mota ya dafa hannunta a kan sitiyari.

"Ranar da na fara kai ki makaranta, a bayan katanga na ɓuya na yi kukana. Ke ma in kin ajiye ni, ki yi naki ya ishe ki. Amma kada ki tuƙa sai idonki ya bushe."