Kada a Gusa Benci

Shekarar da ƙyanda ta ci idanun Saudatu, kowa a Allakaye ya ɗauka karatunta ya ƙare. Ban da Jika, malamin ajinsu, wanda suke ce wa Mushe, wato Malam da Faransanci, mutum mai taurin kan tsiya. Ya dinga manna ƙwayar dawa da ƙaro a kan kwali, baƙi bayan baƙi, yarinya tana shafawa tana karantawa. Wata shida suna haka.

Sai ga labari: sufeton makarantu na tafe daga Madawa, shi zai yanke ko makauniya ta zauna a lakkwal, wato makaranta, ko a sallame ta.

Jika ya yi abin da kowane malami ke yi in babba zai zo. Aka share fili, aka kwashe duwatsun bakin ƙofa aka jera su wani wuri aka shafa musu farar ƙasa, bencuna kuwa aka sake musu layi. Bai tuna ba cewa da waɗannan duwatsu da bencuna Saudatu ke gane hanyarta.

Da sufeto ya kira sunanta, ta miƙe da ƙarfin gwiwa, taku uku ta yi karo da benci ta kife. Leɓenta ya fashe. Kunya ta kama Jika har ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ita kuwa ta tashi, ta laluba kwalinta, ta karanta layi huɗu ba gargada.

Sufeto ya dubi Jika. "Ta iya. Amma kai, ina takardakka ta koya ma makahi?"

"Ba ni da ita. Ina aka samun ta?"

"Ƙasag ga dai ban san mai ba da ita ba."

"To a bincika mani. Ko ina ta, ni tahi."

Sufeto ya ce zai rubuta Yamai. Ya bar sunan yarinyar a rajista da fensir zuwa damina. In ba takarda, a goge.

Bayan an tashi, Jika ya mai da bencuna inda suke a da, shi kaɗai, yana haki. Ya ba Saudatu haƙuri, ya ce ko ƙetare ne sai ya je ya samo takardar nan.

Ta taɓa leɓenta da ya kumbura. "Mushe, in sun ba ka, ka ce su rubuta ciki: kada a gusa benci."