Iska a Cikin Birki

Mai ƙwai ya kawo a-kori-kurarsa gareji da hantsi, yana tafe a hankali kamar wanda ya ɗauko majinyaci. Ya ce birkin ya yi laushi, sai ya taka sau uku kafin motar ta gane da ita ake. Jiya a gangaren kasuwa saura ƙiris ya soya wa gari ƙwai a bayan wata tirela.

Baba bai ji ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ya dai ga bakin mutumin yana motsi, ya ga ƙafarsa tana taka iska, ya gyaɗa kai. Shekara biyu ke nan yana cin abinci da gyaɗa kai. Kunnen hagu ya yi ritaya, na dama kuma yana zuwa aiki ran da ya ga dama. Bai faɗa wa kowa ba, kowa kuma ya sani.

Shi ya kafa garejin tun wurin yana juji. Babban ɗansa, wanda ake ce wa Injiniya saboda ya yi shekara biyu a makarantar sana'a ya dawo da takarda, ya daɗe yana cewa lokaci ya yi da tsoho zai huta. Har kujera ya saya masa, farar roba mai hannu, ya ajiye a bakin ƙofa. Baba tsumma yake ɗorawa a kanta. Ya san wanda ya zauna a wannan kujera ba ya sake shiga ƙarƙashin mota.

Ya hau motar ya taka birki, ya nutse kamar burodi. Ya taka, ya taka, ya ɗan yi tauri. Ya danne ya jira, bai ci gaba da nutsewa ba, ke nan masta, uwar birkin mai tura mai, lafiyarta lau. Ya leƙa bayan tayoyin huɗu, babu yoyon mai.

“Iska ce ta shiga,” in ji shi. “Sai an fitar.”

“To, Baba ne zai fitar,” Injiniya ya ce wa mai ƙwai, yana kallon mai walda da mai faci da suka matso shan inuwa. “Ni zan taka masa.”

Wannan aiki na mutum biyu ne, kuma kalma biyu ke riƙe da shi. Na sama ya taka birki sau uku ya danne, ya ce “na riƙe.” Na ƙasa ya sassauta wani ɗan noti a bayan taya, mai ya fito da kumfa, ya ɗaure, ya ce “saki.” In na sama ya ɗaga ƙafa alhali notin a buɗe yake, iskar da aka kora sai ta dawo da danginta. Shekara talatin ƙanen Baba ne na sama. Da kunnen ya fara sanyi, sai ƙanen ya soma buga ƙofar mota da hannu duk lokacin da ya riƙe, kuma har ya mutu bara bai taɓa faɗin dalili ba. Tun daga nan Baba ke zille wa wannan aiki.

“Ka ɗaga murya,” ya ce wa ɗansa. “Janaretan nan ya cika ƙara.”

“An kashe janareta tun ɗazu, Baba,” in ji Injiniya, ya hau mota.

Baba ya shimfiɗa kwali ya kwanta. Ya cusa guntun tiyo mai haske a bakin notin, ya ɗora tafin hagu a kan bututun mai. A nan ya ji bugun ƙafar yaron, ɗaya, biyu, uku, sai shiru. Ya sassauta, kumfa ta fito, ya ɗaure.

“Saki.”

Karo na biyu ma haka. Har ya fara jin daɗi a ransa. Ashe kunne ba dole ba ne, tafin hannu ya wadatar.

A na uku, yana sassauta notin, sai ya ga man da ke cikin tiyo ya tsaya, ya ja da baya, wata doguwar kumfa ta bi shi ciki. Ya ɗaure da sauri, ya ɗora laifin a kan kansa. Ya sake, ya ƙirga a tsanake, ya ƙara jira. Man ya fito, ya sake komawa.

Daga inda yake kwance ƙafafu kawai yake gani: takalmin mai walda da ya sha tartsatsi, silifas ɗin mai faci, sau-cikin mai ƙwai. Ƙafafun sun ƙaru. Gwiwoyi suna rawa, wani hannu yana dukan cinya.

A sama, Injiniya ya leƙo ta taga yana magana da muryar da ake tambayar gishiri.

“Baba, gidanmu ya kama da wuta, me za a yi?”

“Saki,” in ji murya daga ƙasa.

“Baba, mai walda ya ce ka ba shi hularka.”

“Saki.”

“Ranka ya daɗe,” in ji mai walda, “na gode.”

“Baba, mutum in ya tsufa, me ya kamata ya yi da sufana?”

“Saki.”

Mai faci ya durƙusa yana share hawaye, idonsa ya haɗu da na Baba ta tsakanin tayoyi. Ya miƙe da sauri kamar wanda ya leƙa banɗaki ya tarar da mutum.

Da Baba ya fito, mai ƙwai ya hau ya taka birki. Ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba tare da ta gamu da kowa a hanya ba.

“Tsoho, da ƙafarta ta zo,” ya ce. “Yanzu sai dai a ɗauke ta.”

Baba ya tsaya da sufana a hannu, mai yana gangara masa zuwa gwiwar hannu. Ya kurmance, amma bai makance ba. Sau huɗu mai ya koma ciki, kuma duk sau huɗun sai da notin ya gama buɗewa. Mai mantuwa ba ya saita mantuwarsa haka. Ya dubi ɗansa. Injiniya yana goge yatsu ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa cike da tausayi, irin wanda aka tanada tun safe.

Magana ɗaya ta isa ta tona asirin yaron. Amma mai ƙwai motoci shida gare shi, da baki guda wanda ya fi motocin zagaya gari. Kurma dariya ake yi masa, a koma wurin ɗansa. Wanda ya ɗura iska a birkin mutane da gangan, ko keke ba a sake kawo masa. Kuma jikoki huɗu a wannan gareji suke ci.

“Laifina ne,” in ji Baba. Ya faɗa da ƙarfi fiye da yadda ya yi niyya, har mai shayi na tsallaken titi ya waiwayo. “Ba na ji. Na daɗe ba na ji.”

“Ashe?” in ji mai walda.

Injiniya ya miƙo hannu, Baba ya ba shi sufanar. Yaron ya kwanta a kan kwalin uban, wanda ko hucewa bai yi ba, mai walda ya hau ya taka. Cikin minti goma sha biyar birki ya yi tauri kamar dutse. Mai ƙwai ya ce ai boko ba ƙarya ba ne.

Baba ya kawar da tsumman ya zauna. Kujerar ta yi masa daidai, da alama an gwada kafin a saya. Ya ga ɗansa ya nufo shi, ya sunkuyo, ya kai baki saitin kunnen dama. Wannan karon ya ɗaga murya sosai, kowane harafi ya shiga.

“Baba, ja kujerarka gefe. Mota za ta fita.”