Sunan Mama a Ƙofar Coci

…kuma wai ni ce zan tsaya a waje, Mama. Ni da na haife ta. Haka tsofaffin Girkawan Kavala suke so, uwa ba ta shiga sai uwar baftisma ta faɗi sunan jaririya. Tun haihuwa "yarinya" muke ce mata, kamar tsintacciya.

Svetlana. Sunanki za ta ci, na rantse. Jiya na zaunar da Evantiya, uwar baftismar, na sa ta yi ta maimaitawa — harshenta na tuntuɓe, amma ta faɗa. Yau fa? Uwar mijina na manne da kafaɗarta a ciki. Fotini sunanta. Jikar fari sunan kaka ta wajen uba take ci, ko kifin kasuwa ya san wannan.

"Ke Zoya, rigimar me kike yi?" Mijina Lefteris ke nan jiya, baki cike da zaitun. "Ma'anar naku haske, namu ma haske, Girkanci ne kawai. Suna ɗaya ne!"

Ɗaya? Wa ya taɓa leƙowa ta tagarmu a Taganrog ya ƙwala "Fotini"? Sveta, in ji Baba. Svetka, in kin ƙona masa miya. Wannan nake so in riƙa ji a gidana, in kira a amsa. Ban roƙe su komai ba a garin nan, ko cokali…

Kukan yarinyar ne? Nata ne. Ruwan da sanyi, na sani.

Turaren nan… ranar jana'izarki. Fada ya ce "baiwar Allah Fotiniya", na waiga ina neman gawar wa ake nufi. Inna Raya ta mintsine ni: "Uwarki ce, sakarya. A zamaninmu coci ba ta karɓar Svetlana, wai sunan cikin waƙa ne, ba na waliyyai ba. Kakarki ta kai ta baftisma a ɓoye, aka ba ta wannan."

Ba ki taɓa gaya min ba. Ashe can inda kike, da sunan surukata kike amsawa? Haushi nake ji, Mama, kuma kewarki ta ishe ni.

Ƙofa. Evantiya ce, jaririya a hannu, gashin 'yar sharkaf da man baftisma. Evantiya ta ƙi kallona. To, na gane: Fotini ta faɗa.

Hannuna ya riga bakin kowa, na karɓe ta.

"Sveta."

Ta juyo… sunan ta ji, ko muryata ce kawai?